Abin da Likita Ya Manna Mini

Haihuwata ta fari a Funtua na yi ta, cikin damina, lokacin da masara ta fara goyo. Na sauka lafiya, aka yi suna, 'yan barka suka watse, sai ƙafafuna suka fara kumbura. Da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba. Amma ranar da na kwanta rigingine da hantsi na ji kamar an ɗora mini buhun taki a ƙirji, har sai da na zabura na zauna ina haki, na san abin ya wuce wasa. Maigidana ya rufe shagonsa na maganin feshi ya kai ni asibiti.

Likitan da muka gani mutum ne mai sanyin magana. Ya saurari ƙirjina da bayana, ya danna ƙaurina da ɗan yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ya ce zuciyata ce ta yi rauni, kuma abu ne da yake samun masu jego a wannan yanki namu. Ya ce da yawa suna warkewa sarai idan an kiyaye. Bai faɗi abin da yake samun sauran ba, ni ma ban tambaya ba, don na riga na gane.

Bayan ya rubuta magani sai ya ɓare wata 'yar leda ya fito da wani abu da faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Bayansa kamar filasta yake, da ɗan maɓalli a tsakiya. Cikinsa kuwa wani abu ne garai-garai mai taushi da danƙo, kamar romon ƙafar sa idan ya kwana ya daskare. Ya ce jel sunansa. Ya kama shi da hannu biyu ya ja, ya miƙe har na ce zai tsinke, ya sake shi ya koma yadda yake. Ya yi mana bayani cewa duk lokacin da zuciya ta buga akwai wata 'yar wutar lantarki da take bi ta jikin mutum, wannan abin mai taushi shi yake ɗaukarta daga fata ya ba maɓallin, maɓallin ya ba wayata, wayar ta aiko musu asibiti. Nas ta manna mini shi a ƙarƙashin nonon hagu. Sanyinsa ya ratsa ni, sannan ya kwanta luf ya bi jikina, in na ja numfashi ya miƙe, in na sauke ya dawo.

Likita ya ce, “Ruwa mai ɗumi ba ya yi masa komai, kuma idan ya ɗago ana iya sake manna shi. Amma Malama, ban da tafasasshen ruwa, ban da kunun kanwa, ban da kwanciya a kan gadon wuta. Ba don abin nan nake faɗa ba, don zuciyarki nake faɗa.”

Na ce to, alhali na san washegari zan tafi Ƙarfi wankan gida wurin Inna.

Ni ce autar Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, da kuɗin daddawa da 'yar gonarta ta bayan gari ta riƙe mu. Gajera ce mai ƙarfin hali, tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Tana da wani tabo a rai da kowa ya sani a danginmu. Ƙanwarta da suke ciki ɗaya ta rasu cikin jego tun kafin a haife ni, a kumbure, kuma har gobe cewa ake yi rashin wanka mai zafi ne ya sa sanyi ya shige ta. Inna tana cikin waɗanda suka wanke gawar.

Ina sauka daga mota, kafin ta kalli jaririyar, ƙafafuna ta kalla. Na ga leɓenta yana rawa. Ta ce, “Sanyi ne, Auta. Sun bar ki da ruwan famfo har sanyi ya shige ki.”

Na zauna na kwashe duk abin da likita ya ce na faɗa mata, na ɗaga riga na nuna mata abin. Ta taɓa shi da ɗan yatsa ta janye da sauri.

“Shi likitan ya taɓa haihuwa?”

“Inna, namiji ne.”

“To, kin gani. Ni duk ku na haife ku, kowanne na yi masa wanka har arba'in, ga ni zaune.”

Ni dai Allah ya yi ni da saurin baki, na ce mata ba na zo gidan nan don a dafa ni ba ne. Ta ce ita ma ba ta aurar da ni don ta binne ni ba. Da haka kowa ya faɗi abin da yake tsoro. Na leƙa zaure na ga itacen da ta tara ta lulluɓe da leda saboda ruwan sama, ga rabin ganga an wanke an kife a gindin murhu, ga ganyen bedi an karyo an jingine. Tun ina da ciki take wannan shirin.

Mutane suna ganin wanda ya yi boko ba ya jin irin wannan tsoron. Ƙarya ne. Ina koyarwa a firamare, na san likita ya fi Inna sanin zuciya. Amma idan uwar da ta haife ka ta kalli ƙafarka bakinta yana rawa, karatun naka duk sai ya tsuke. Ina tsoron in yi wankan zuciyata ta tsaya, ina tsoron in ƙi yi in mutu a kumbure a ce ga abin da aka faɗa. A tsakanin waɗannan biyun na kwana, da jaririya a gefena tana neman nono.

Da sassafe ta tafasa ruwan. Ta ɓamɓare abin daga ƙirjina a hankali, ya biyo yatsunta yana miƙewa kafin ya saki fatar, ta ajiye shi a kan faifai a bakin ƙofa. Wanda bai taɓa wankan jego ba, ba zai gane ba. Za a tsoma ganye a ruwa yana tiriri a fyaɗa maka a baya, a ciki, a cinya, tururi ya rufe ka har ka daina ganin katanga. Ina zaune a kan 'yar kujera ina jin zuciyata tana dukan haƙarƙarina, ina cewa a raina yanzu ne, yanzu ne za ta tsaya. A ɗaki kuwa wayata tana ta wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba.

Ashe idan abin ya rabu da fata, wayar tana sanar da asibiti. Nas ta kira maigidana, shi kuma ya kira ni. Ya ce wallahi in aka sake cire shi zai zo da mota ya ɗauke ni. Na ce masa ya zo ya faɗa wa Inna da bakinsa mana, tunda jarumi ne. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da surukarsa, in ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa. Na kashe wayar na yi kuka na haushi, don duk su biyun ni suke ja wa rai.

Inna tana tsakar gida ta ji komai. A ɗauke mai jego daga gaban uwarta kafin arba'in, abin kunya ne da za a daɗe ana yi da shi a Ƙarfi. Amma na san ba kunyar ce ta fi damunta ba. Gani take in na bar gidan ba a gama gasa ni ba, gawata za a kira ta ta gani.

Da la'asar, da ruwa ya sake tafasa, ta tsaya a kaina ta ce, “Wai shi abin nan me yake so?”

Na ce, “Fata yake so. In dai yana jikin mutum ba ya kuka.”

“To ai ni ma mutum ce.”

Ta sassauta ɗaurin ƙirjinta, ta cire shi daga jikina ta manna a nata, daidai inda ta ga yake a nawa, ta shafe shi da tafin hannu. Ya kwanta a kan fatarta mai tamoji kamar don ita aka yi shi. Muka kasa kunne, wayar ba ta ce uffan ba. Inna ta gyara zani tana wani taƙama, ta ce ga shi nan ta yi wa Nasara wayo. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, dariyata ta farko ke nan tun da na haihu.

Haka muka ci gaba safe da yamma. Ita take ɗibar ruwan daga ganga, ita take cicciɓar bokiti zuwa bayan ɗaki, ita take fyaɗa mini ganyen, duk da abin a ƙirjinta. In an gama ta goge ni ta mayar mini da shi. Yakan dawo mini da ɗumin jikinta da warin hayaƙi. A kan kunun kanwa ne kawai na yi nasara, don nakan kurɓa sau ɗaya a gabanta, in ta juya baya in zubar a gindin zogale. Gadon wuta kuwa na ce ko za a yanka ni ba zan hau ba, ta ƙyale ni.

Tsoro bai sake ni ba ko na yini ɗaya. Da rana, in gida ya yi tsit mutane sun tafi gona, nakan jingina da bango da filo a bayana, don har lokacin ba na iya kwanciya sosai. In sa hannu a cikin riga in taɓa abin. Ya riga ya zama kamar fatata, in gumi ya jiƙa shi ba ya zamewa, in na sunkuya ya sunkuya tare da ni. Nakan ce a raina akwai wani a Funtua da yake kallon zuciyata yanzu haka, kuma ya san abin da ban sani ba. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi. In jaririyar tana shan nono, ɗan hannunta yakan riƙa dukan wurin, ni kuwa ina kallon tsakiyar kanta ina tunanin wa zai shayar da ita. Har na zaɓa mata a raina, matar yayana, don ita ma tana goyo. Ban faɗa wa kowa ba.

Wata safiya an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, Inna ta sha wahala kafin wuta ta kama. Tana cikin yi mini wanka sai na ji ganyen ya daina sauka. Na waiwaya cikin tururi na gan ta zaune daɓas a kan turmi, ta dafa bango, ganyen ya faɗi a ƙasa. Na ce, “Inna, lafiya?” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce hayaƙin ɗanyen itace ne ya sa ta jiri, in juya ruwa yana hucewa. Na juya. Hankalina duk yana kan tawa zuciyar.

Kafin azahar waya ta yi ƙara. Likitan ne da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko na faɗi yau, ko na ga duhu. Na ce a'a. Ya ce, “Malama, ki zo yau, kada ki jira gobe. Na kira maigidanki yana hanya. Kada ki ɗauki komai mai nauyi, kada ki yi tafiyar ƙasa.” Na ce me ya gani. Ya ce in na zo za mu yi magana.

Na ajiye wayar. Abin da ya zo mini kawai shi ne wankan ya gama da ni, ga shi ya fito a na'urarsu. Na dubi Inna na ce mata, “Kin ji ko? Hankalinki ya kwanta?” Ta shiga ɗaki ta haɗa kayan jaririya, ta ɗauko mayafinta na zuwa unguwa.

Maigidana ya zo da motar wani abokinsa. Shi yana gaba, ni da Inna muna baya, jaririyar tana hannunta. Hanya duk ta jiƙe, masara ta yi duhu hagu da dama, mata suna gasa ta a bakin titi, yara suna bin motoci da ita a faranti. Ina kallon su ina jin haushin yadda kowa yake harkarsa. Kowane rami muka faɗa sai in dafe ƙirji. Da muka wuce Bakori na kasa daurewa, na matsa kusa da Inna na rage murya don kada na gaba su ji.

“Inna, in abin ya zo da ƙarar kwana, kada ki bari a kai ta dangin ubanta tana jaririya. Ki riƙe ta a wurinki, matar Yaya ta shayar da ita.”

Ta ce, “Rufe mini baki.”

“Ki dai yi mini alkawari.”

“Na ce ki rufe mini baki, Auta.” Ta juya fuskarta wajen taga, ta ƙara ƙanƙame yarinyar. Ina jin numfashinta yana fita da sauri, na ɗauka kuka take ɓoyewa.

A asibiti ba a bar mu mun bi layi ba, wannan ma ya ƙara tsinka mini rai. Muka shiga mu uku. Likita ya sake auna ni, ya danna ƙaurina, ya daɗe yana saurarar ƙirjina yana ɗaure fuska. Sannan ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance mu. Wasu layuka ne a jere, suna hawa suna sauka kamar kunyoyin gona. Ya nuna da biro ya ce wannan zuciyata ce da rana da dare, ba ta da ƙarfi sosai amma tana tafiya a kan tsari, har ma ta fi yadda take ranar da na fara zuwa. Ya matsa gaba, sai layukan suka hargitse, wasu a cunkushe, wasu a warwatse. Ya ce wannan kullum da sassafe ne da kuma la'asar. Ya ƙara matsawa ya tsaya a wani wuri da layin ya miƙe sumul, babu hawa babu sauka, kafin ya sake tashi.

“Wannan yau da safe ne. Zuciyar ta tsaya, sannan ta dawo. Shi ya sa na kira ki. Amma abin da na kasa ganewa, zuciyar da na saurara yanzu ba ta yi kama da mai yin wannan ba. Siffar bugun ma daban take. Kamar na mutum biyu nake gani.”

Ni kuwa wani daɗi ne ya taso mini tun daga ƙafa, don abin da kunnena ya fara ɗauka shi ne ba tawa ba ce, zan rayu, zan yaye 'yata da hannuna. Daɗin bai gama isa kaina ba na tuna turmi, da ganyen da ya faɗi a ƙasa. Na juya na kalli Inna.

Likita ya ce, “Da sassafe da la'asar, me kike yi?”

Inna ce ta amsa, idonta a ƙasa saboda surukinta yana wurin. Ta ce, “Wanka nake yi mata, likita. In zan yi sai in manna abin a jikina don kada ya yi kuka. Ba laifinta ba ne, ni na sa ta.”

Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ajiye biron a hankali ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya wajen Inna.

“Hajiya, tun yaushe kike jin jiri?”

Ta ce ita ba ta zo don kanta ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce, “Ita fa? Za ta tashi?”

“In aka daina wankan nan, kuma ta ci gaba da shan magani, ina sa ran za ta tashi da yardar Allah.”

“To alhamdu lillahi. Sai mu tafi, kada yamma ta yi mana a hanya.”

“Hajiya, ke ba za ki koma gida yau ba. Ina so ki hau gadon nan in duba ki.”

Maigidana ya tashi ya fita ya ja mana ƙofa. Na zaci Inna za ta yi gardama, har na shirya abin da zan faɗa mata, don na san halinta. Ba ta yi ba. Ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna, ta sake yunƙurawa, nas ta kama ta. Da ta zare takalmanta na roba za ta hau gadon, na ga shatin igiyar takalmin ya nutse a bayan ƙafarta. Ƙafafun sun kumbura sun fi nawa, suna ƙyalli. Kullum a gabana suke, safe da yamma, tana tsaye a kaina cikin tururi, ban taɓa kallon su ba.

Na ce, “Inna, tun yaushe?”

Jaririyar tana hannunta har lokacin, ta ƙi ba nas. Sai da ta zauna a bakin gadon ta huta, ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, sannan ta miƙo mini ita.

Ta ce, “Karɓe ta, Auta. Hannuna ya gaji.”